Ku Tambayi Malamin Kimiyya: Asid mai ƙarfi da mara ƙarfi, a ina suka rabu?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato asid da kishiyarsa bes, daga 'yan makaranta har masu sana'a, dan haka na haɗe su wuri ɗaya, bari mu fara da wadda ta fi kowa damuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni 'yar SS2 ce a Gusau. An koya mana cewa HCl, wato haidirokulorik, asid ne mai ƙarfi, asid ɗin da ke cikin khal kuma mara ƙarfi ne. A jarabawa na rubuta cewa in aka zuba wa HCl ruwa da yawa zai koma mara ƙarfi, malaminmu ya kashe min amsar, har yau ban gane laifina ba. Dan Allah a warware min.

AMSA: 'Yata sannu da ƙoƙari, kuma ki kwantar da hankalinki, malaminku bai zalunce ki ba, wannan wurin ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki a WAEC da NECO. HCl ko durom guda na ruwa kika zuba masa yana nan a asid mai ƙarfi, abin da ya canza kawai shine ya sirku, yawansa a cikin ruwan ya ragu. Ƙarfi daban, kauri daban, in kika riƙe wannan to sauran duk mai sauƙi ne.

Asid dai abu ne da in ya shiga ruwa yake sakin haidirojin mai caji, wanda kuke rubutawa H+, shi ne ke kawo tsami, shi ne ke cin ƙarfe, shi ne ke juya litmos, wato takardar gwada asid, ya koma ja. Wani masani ɗan Suwidin mai suna Arrhenius ne ya fara kawo wannan bayani a 1884, sannan a 1923 Brønsted ɗan Denmak da Lowry ɗan Ingila, kowa a nasa gefen, suka faɗaɗa shi suka ce asid shi ne mai bayar da H+, bes kuma mai karɓa. Toh tambayar da ke raba mai ƙarfi da mara ƙarfi ita ce, cikin ƙwayoyin asid ɗin da suka shiga ruwa, guda nawa ne suka yarda suka saki nasu H+ ɗin? A HCl kusan dukkansu ne, in kika zuba 100 to kusan 100 ɗin sun rabe, babu mai komawa. Haka salfurik da naitirik suke. Amma asetik, wato asid ɗin khal, in kika haɗa shi a ma'aunin kauri na 0.1 mol a lita (mol shi ne awon yawan ƙwayoyi), abin da ke rabewa bai wuce ɗaya da 'yan kai cikin 100 ba, sauran kusan 99 suna nan a dunƙule riƙe da haidirojin ɗinsu, kuma waɗanda suka rabe ma suna ta komawa suna haɗewa wasu na sake rabewa, shi ya sa ake rubuta masa kibiya biyu mai zuwa da mai dawowa, HCl kuma kibiya ɗaya.

Ki ɗauka manoma biyu ne kowa na da buhu 100 na gero a rumbu. Na farko ranar kasuwa ya kwaso duka ya jibge, na biyu buhu ɗaya ya kai, sai an saye sannan ya aika a ɗauko wani. Wanda ya leƙa kasuwa zai ce na farko ya fi hatsi, alhali abin da suka mallaka ɗaya ne, kuma in mai saye ya dage to na biyun ma sai rumbunsa ya ƙare tas. pH, wato ma'aunin tsami da ƙaramar lamba ke nuna tsami mai yawa 7 kuma tsaka-tsaki, abin da ke kasuwa kawai yake aunawa, ba ya leƙa rumbu. Shi ya sa HCl mai 0.1 pH ɗinsa 1 ne, asetik mai 0.1 kuma wajen 2.9, kuma kar ki raina wannan tazarar don kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki 10 ne, kinga H+ da ke yawo a ruwan HCl ya ninka na asetik fiye da sau 70. Shi wannan ma'auni na pH wani ɗan Denmak ne, Sørensen, ya fito da shi a 1909.

Yanzu ga inda amsarki ta karye. Ki sirka HCl har ya koma 0.0001, pH ɗinsa zai zama 4, khal ɗin kicin kuma da asetik ɗinsa ke wajen kashi 5 cikin 100, pH ɗinsa na wajen 2.4 zuwa 3, wato khal ya fi shi tsami nesa ba kusa ba, amma duk da haka wancan HCl ɗin sunansa mai ƙarfi tunda ɗan abin da ya rage a ruwan duk a rabe yake, khal kuma mara ƙarfi tunda mafi yawansa a dunƙule yake. Dan haka ana samun mai ƙarfi mai kauri, mai ƙarfi sirkakke, mara ƙarfi mai kauri, mara ƙarfi sirkakke, kowanne da wurinsa. Wani abu ma da zai ba ki sha'awa, shi mara ƙarfi in ana sirka shi kason da ke rabewa ƙaruwa yake, asetik ɗin nan in ya sauko 0.001 kusan 12 cikin 100 ne ke rabewa, amma ba zai sa a sake masa suna ba, don lambar da ake auna ƙarfi da ita, Ka, tana nan yadda take, wajen 1.8 × 10⁻⁵, muddin zafin wurin bai canza ba.

Ga abin da suke son tambaya a jarabawa. In aka jefa ɗan guntun magnesiyum a kowanne, a HCl zai yi ta tafasa da kumfa nan take, a asetik a hankali zai yi ta ci. In aka haɗa waya da ƙwan fitila, HCl zai haska sosai, asetik dishi-dishi, saboda ƙwayoyi masu caji su ne ke ɗaukar wuta a ruwa. Amma a taitireshan, wato ɗiga bes a kan asid har ya kashe shi, kuma nan ne tarkon yake, 25 cm³ na HCl mai 0.1 da 25 cm³ na asetik mai 0.1 duk NaOH, wato bes mai ƙarfin nan kostik soda, iri ɗaya adadi ɗaya za su sha kafin su mutu, saboda duk H+ ɗin da NaOH ya cinye sai asetik ya sake sakin wani har ya ƙare. Bambancin sai a inda suke tsayawa, mai ƙarfi da mai ƙarfi a 7 suke haɗuwa, asid mara ƙarfi da bes mai ƙarfi sama da 7, wajen 8.7 a wannan misalin, shi ya sa ake sa finoftalin, sinadarin da ke canza launi ya nuna an kai wurin, in kuma asid ne mai ƙarfi da bes mara ƙarfi kamar amoniya to ƙasa da 7 ne, sai a sa metil oranj. Allah Ya ba da sa'a 'yata, ki koma wajen malaminku ki nuna masa kin gane, zai ji daɗi.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ina sana'ar sabulu a gida a Kaduna, na ruwa da na wanki, muna amfani da kostik soda da soda ash. Maƙwabciyata ta ce ai duk kanwa ce ta bature. In haka ne me ya sa kanwa muke sa wa a girki ita kuma kostik take cinye hannu?

AMSA: Hajiya Allah Ya sa wa sana'a albarka. Maƙwabciyarki ta yi rabin gaskiya, kuma rabin da ta kuskure shi ne mai haɗarin. Soda ash 'yar uwar kanwa ce ta jini, sunanta sodiyum kabonet, ita kuwa kanwar da ake kawo mana daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga mafi yawanta haɗin sodiyum kabonet ne da sodiyum baikabonet, wato bakin soda da ake sa wa a kek, sai ɗan gishiri da ƙasa. Amma kostik soda wata aba ce daban, sodiyum haidiroksaid ce, bes mai ƙarfi. Da ta taɓa ruwa gaba ɗayanta take rabewa ta saki OH-, kishiyar H+, wanda shi ne ke aikin cin maiƙo da nama. Kanwa ba ta da OH- a jikinta, sai dai ta fizgi haidirojin daga ruwa ta bar OH- a baya, kuma kaɗan daga cikinta ne ke iya yin hakan. A ma'auni ɗaya na 0.1, kostik na kan 13, soda ash wajen 11.6, bakin soda wajen 8.3, tsakanin ta farko da ta ƙarshe ninki dubbai ne.

Wannan ɗan ƙarfin na kanwa shi ne daidai abin da girki ke so, ta sa wake ya nuna da wuri, ta ƙara wa kuɓewa yauƙi, ta kashe tsamin yakuwa. Ruwan toka ma gidansu ɗaya, potasiyum kabonet ne a ciki, da shi iyayenmu ke sabulun salo, da toka kuma marina irin na Ƙofar Mata a Kano ke haɗa baba, sai dai da yake ruwan tokar bai kai kostik ba dole a daɗe ana dafawa ana juyawa kafin mai ya zama sabulu, ke kuwa da kostik cikin ɗan lokaci kin ga ya kama.

Santsin nan da kike ji in ruwan kostik ya taɓa yatsa, wallahi ba laushi ba ne, maiƙon fatarki ne take mayarwa sabulu tana narka naman. Kuma ƙunar bes mai ƙarfi sau da yawa ta fi ta asid zurfi, don asid in ya ƙona nama yakan daskarar da shi ya yi ɓawo ya ɗan tare hanya, ita kostik narkarwa take tana ƙara shiga ciki, gashi ba lallai a ji zafin nan take ba, mutum na ganin ba komai ashe tana aiki. A ido kuwa mintuna kaɗan sun isa ta makantar.

Abin da ya fi damuna a wannan sana'a yara ne, kuma ina roƙon duk mai sabulu da ke karanta wannan shafi ta tsaya nan ta karanta da kyau. Ruwan kostik fari ne tas ba wari, in aka jiƙa shi a bokiti aka bari ya kwana, ko aka zuba ragowar a robar lemo ko ta ruwa, yaro mai ƙishi ba zai bambance ba, busasshiyar kuma kamar sukari ko gishiri. Likitocin yara a Najeriya sun san wannan masifa sarai, yaro ya kurɓa sau ɗaya maƙoshinsa ya ƙone, bayan makonni wurin ya warke da tabo ya tsuke har ruwa ya gagara wucewa, sai tiyata a kan tiyata. Dan Allah a kulle ta a inda hannun yaro ba ya kaiwa, kar a taɓa zuba ta a abin da ake shan ruwa da shi, a rubuta a jikin mazubin.

In tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, kar a sa shi amai don abin zai sake ƙona hanyar da ya bi a karo na biyu, kar a ɗura masa manja, kar a ce bari a ba shi lemon tsami ko tsamiya wai su kashe ta, haɗuwar asid da bes zafi take fitarwa kuma ɓata lokaci ne, a wanke masa baki a ruga asibiti a tafi da mazubin likita ya gani. In a fata ne ko ido, a kakkaɓe busasshiyar tukuna, a cire kayan da ta jiƙa, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 ba tsayawa sannan a tafi asibiti. Wajen haɗawa kuma kostik ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan kostik ba, a sa safar hannu da tabarau, kuma ban da tukunyar alminiyam don tana cin ta har ta fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, roba mai kauri ita ce daidai.

Kanwar ma da na ce mara ƙarfi ce ba wai a yi ta zabgawa ba ne, sodiyum ne cike da ita kamar gishiri, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, mai hawan jini ma ya yi hattara.

TAMBAYA: Malam ni mai cajin batir ne a Maraɗi. In ruwan batir ya yi ƙasa wasu na cewa a ƙara asid don ya ƙara ƙarfi, maigidana kuma ya ce ruwa kawai. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Ɗan uwa maigidanka ne da gaskiya. Ruwan batir salfurik ne, wajen kashi ɗaya cikin uku asid sauran ruwa, kuma abin da ke raguwa wajen caji da zafi ruwan ne, asid ɗin na nan bai je ko'ina ba, in ka ƙara wani ka sa ya yi kauri fiye da ƙima ya ci farantan ciki. Ruwan ma tataccen nan na batir za ka sa, ba na rijiya ko na famfo ba saboda gishirin da ke cikinsu. Sai in batirin ya faɗi ne ya zube sannan ake maganar sabon haɗi. Shi salfurik ɗin batir ya haɗa biyun, ga ƙarfi ga kauri, shi ya sa ɗigo ɗaya ke huda riga. In kana haɗawa daga mai kaurin nan na kashi 98, asid ake tsiyayawa cikin ruwa a hankali ana juyawa, in ka juya lamarin ruwan zai tafasa nan take ya fantsamo maka a fuska. Wanda ya zube a ƙasa ko a kan batir bakin soda na kashe shi, amma wanda ya taɓa jiki ruwa kawai, mai yawa.

TAMBAYA: Malam kenan duk asid mara ƙarfi ba ya cutarwa? Kuma na ji an ce akwai HCl a cikinmu, ya aka yi bai huda mu ba? Daga wani ɗalibin koyon jinya a Sakkwato.

AMSA: A'a ƙanina, kar ka kuskura ka tafi da wannan fahimtar asibiti. Akwai wani asid, haidirofulorik, a lissafin rabewa mara ƙarfi ne, amma yana cikin mafi muni da ɗan Adam ke taɓawa, yana cin gilashi, yana ratsa fata ya shiga ciki ya kama kalsiyum ɗin jini da na ƙashi har ya iya tsayar da zuciya, kuma rashin rabewar tasa na cikin abin da ke ba shi damar ratsa fatar. Asetik ɗin da muke ci a khal in aka samu tsantsarsa ba ruwa ƙona fata yake. Amoniya bes ce mara ƙarfi amma mai kaurinta na iya lalata ido da huhu. Ko lemon kwalba baƙin nan, fosforik da kabonik ne a ciki duk marasa ƙarfi, amma pH ɗinsa na wajen 2.5, shi kuwa farin haƙori daga wajen 5.5 zuwa ƙasa yake fara zaizayewa, mai kurɓa duk yini haƙoransa za su gaya masa. Dan haka kafin ka ce abu na da haɗari ko babu, ka duba ƙarfinsa, ka duba kaurinsa, ka kuma duba irin halinsa shi kansa.

Batun ciki gaskiya ne, tumbi na fitar da HCl, pH ɗin wurin na tsakanin 1.5 da 3.5, yana kashe ƙwayoyin cuta yana taimakon narkar da nama. Mai ƙarfi ne amma sirkakke ne sosai, sannan bangon tumbin na shafe da majina mai kauri da ke ɗauke da baikabonet, wato bes mara ƙarfi ne ke tsaron gidan. In wannan kariya ta samu matsala sai gyambon ciki, kuma mafi yawan lokaci wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke jawo shi ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, likitoci biyu 'yan Ostareliya, Marshall da Warren, sun samu kyautar Nobel a 2005 a kan gano ita wannan ƙwayar. Shi ya sa mai olsa da ke jiƙa kanwa yana sha yake jin sauƙi na ɗan lokaci, ya kashe asid ɗin da ke wurin ne kawai, tumbi zai sake fitar da wani, ƙwayar cutar kuma na nan sai an gwada an ba da maganinta. Jini shi kuma tsakanin 7.35 da 7.45 yake zama, kuma kabonik da baikabonet ne ke riƙe shi a wurin, aikin da mai ƙarfi ba zai iya ba, don sai wanda ke da ajiya a dunƙule ne zai iya bayarwa in an rasa ya karɓa in an yi yawa.

TAMBAYA: Malam ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a ƙauye, ba mu da ɗakin gwaji ko litmos. Ta yaya zan nuna wa yara wannan darasi da idonsu?

AMSA: Malam Allah Ya saka da alheri, irinku ne ke riƙe da karatun nan. Zoɓo ya ishe ka. Ka jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi ba sukari ba komai, ka tace ka sirka shi har ya zama ana hango haske ta ciki, ka rarraba a kofuna masu haske. Jan launin nan nasa yana canzawa da pH, a ɗiga lemon tsami ko ruwan tsamiya ko khal sai ya ƙara ja ya yi haske, a ɗiga ruwan bakin soda sai ya dushe ya koma wajen shuɗi-shuɗi, a sa ruwan kanwa ko na toka sai ya tafi kore-kore mai duhu, sannan ka sa yaro ɗaya ya riƙa ɗiga lemon tsami a kofin kanwar har jan ya dawo, ka ga sun ga yadda asid da bes ke kashe juna da idonsu, har da kumfar da ke tashi. Da yake zoɓon kansa na da tsami sai ka ɗan ƙara yawan kanwar kafin launin ya juya. Ka gaya musu sunayen, sitirik a lemon tsami, tatarik a tsamiya, laktik a nono, duk marasa ƙarfi ne kuma duk suna ci kullum.

Sai dai ka ja hankalinsu cewa launi pH kawai yake nunawa, ba zai gaya maka asid mai ƙarfi ne ko mara ƙarfi ba sai in kaurin biyun ɗaya ne. In ka samu sirkakken HCl mai 0.1 daga wata babbar sakandare da ke kusa, ka sirka khal kashi 1 da ruwa kashi 7 zai zo kusa da wannan ma'aunin, sai ka jefa ɓawon ƙwai dakakke daidai wa daida a kowanne su ga wanda ya fi saurin kumfa, amma kai za ka riƙe kwalbar da hannunka, kuma ruwan batir da kostik soda kar su shigo ajin ko da wasa. Ka ajiye bokitin ruwa mai tsabta a gefe, ka kuma hana su ɗanɗana komai ko da zoɓon ne, don in suka saba kai abin gwaji baki a ajinka za su kai a inda ba zoɓo ba ne.